Agogunan dashbod ɗin MGB ta 1969 sun rikice, in buɗe su ko in sayi sababbi?

Ɗan Autan Gareji:
Salamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Yau kuka na kawo. Wata takwas ke nan ina fama da motata MGB ɗin nan ta 1969, ƙirar kamfanin MG na Ingila, da na taɓa nuna muku, inji ya tashi, birki ya kama, giya na shiga lafiya lau, amma duk sanda na zauna na kalli dashbod sai raina ya ɓaci. Agogo huɗu ne, duk ƙirar kamfanin Smiths, babu ɗaya mai faɗin gaskiya. Allurar maleji rawa take tsakanin 30 da 50 kamar mai jin sanyi, agogon juyin inji yana nuna 4000 alhali injin a salo yake, gejin mai kuwa shekaranjiya ya kunyata ni, fetur ya ƙare tas a hanya shi yana nuna saura kwata. Sai mai haɗe biyun nan, baƙin mai da zafin ruwa, na baƙin man yana motsi na zafin ya mutu murus. Ga gilasan sun yi hazo ta ciki, da dare ko lamba ɗaya ba ka gani. Ni dai niyyata gobe in kwance su duka in baje a tebur in buɗe in wanke, ko kuma in haƙura in sayi sababbi in huta. Me kuka gani?

Kawu Sifana:
Wa alaikumus salam. Auta ajiye sukudireban nan tukuna. Kar ka buɗe komai gobe.

Malam Riwaya:
Kawu ya riga ni. Ɗana, a ciwo huɗun da ka lissafa ina kyautata zaton uku ba a cikin agogunan suke ba, a bayansu suke. Geji ɗan saƙo ne, abin da aka aiko shi da shi yake faɗa, in aka ba shi ƙarya ƙaryar zai kawo maka. Fara da na mai don shi ya fi sauƙi. A motocin Ingila na wancan lokacin gejin mai ba kai tsaye yake shan wutar batir ba, akwai wani ɗan akwati kamar gidan ashana a can bayan dashbod, sitabilaiza, aikinsa ya riƙe wutar da ke zuwa gejin a kan volt 10. Yana da baki biyu, ɗaya an rubuta B ɗaya I. Koriyar waya ce ke shiga B, mai ruwan kore-kore mai haske ke fita daga I zuwa geji. Abin da mutane ba sa lura da shi, dole jikin akwatin ya kasance a ɗaure da bodin mota, in bai taɓa bodi ba to duk wutar da altaneta ke bayarwa, 13 ne ko 14, haka zai miƙa wa gejin, shi kuma ya dinga ƙara maka man da ba ka da shi. Leƙa ka gani ko a ɗaure yake.

Sarkin Gudu 911:
Hanya mafi sauƙi ta gane sitabilaiza ce, in gejin mai da na zafi suka tashi tare to ita ce. Tunda na zafinsa a mace yake ni ban yarda ita ba ce.

Kawu Sifana:
A'a ranka ya daɗe, ka karanta da kyau. Ya ce mai haɗe biyu ne, baƙin mai da zafi a agogo ɗaya. Wannan ba ruwansa da wuta sam, siririn bututu ne ke zuwa masa daga kan inji. Motocin MGB da aka kai Amurka daga 1968 ne suke da gejin zafi na wuta, su ne maganarka za ta hau kansu. Tasa sitabilaizar gejin mai kaɗai take ciyarwa.

Sarkin Gudu 911:
Na karɓi gyara Kawu. Mu 'yan agogunan VDO na Jamus ne, muna leƙen gidan maƙwabta kawai 😄

Ɗan Autan Gareji:
Malam na kwanta a ƙarƙashin sitiyari da tocila yanzun nan, wuyana kamar zai karye. Na ga akwatin, wallahi lilo yake a jikin wayoyinsa, babu ko sukuru ɗaya. Amma na sa mita a bakin I ɗin bayan na manna shi da bodi, lambobin sai tsalle suke, yanzu 12 yanzu sifili, ina ga ya lalace ne gaba ɗaya.

Malam Riwaya:
Bai lalace ba, lafiyarsa ke nan ma. Na asalin ba ya ba da 10 a tsaye, wani ɗan ƙarfe ne a ciki da waya ta naɗe shi, ya yi zafi ya lanƙwashe ya yanke wuta, ya huce ya koma ya haɗa, haka yake ta yi, in ka haɗa kunnawar da kashewar sai matsakaicin ya zo 10. Shi kuma gejin irin aikin zafin nan yake yi, shi ya sa in ka murɗa makulli allurar ke tashi a hankali kamar mai ciwon baya, ba ta ma jin tsalle-tsallen. Mitar lambobi ba ta iya bin sa. Ka ɗaure shi da sukuru a ƙarfe mai tsabta, ka kankare fenti da tsatsa a wurin, kuma ka duba jikinsa akwai inda aka rubuta TOP, wannan gefen ne sama. In bayan haka gejin bai daidaita ba sai mu koma tanki, wayar kore da baƙi ce ke zuwa fulot, ka cire ta allura ta faɗi ƙasa, ka taɓa ta da bodi na ɗan daƙiƙu allura ta nufi cike. Na ce ɗan daƙiƙu fa, kar ka bar ta ka tafi amsa waya ka ƙona gejin.

Injiniya Mai Dalma:
Ni da za a ji tawa a jefar da tsohon akwatin a sa na zamani mai ba da 10 a tsaye babu tsalle. Ana ma iya buɗe gidan tsohon a dasa 'yar na'urar daidaita wuta mai lamba 7810 a ciki a rufe, ba wanda zai gane. Motarsa negatib ne a bodi tunda daga ƙarshen 1967 MG suka juya, don haka babu wata matsala.

Kawu Sifana:
Abin da ya yi shekara hamsin yana aiki, laifinsa kawai an bar shi yana lilo, shi za a jefar? Injiniya kai dai hannunka ƙaiƙayi yake in bai ga dalma ba.

Injiniya Mai Dalma:
Kawu ai ban ce a yau ba, na ce in ya mutu 😂 To bari in taɓa agogon juyin inji tunda nan ne gonata. Auta, duba fuskar agogon can ƙasa akwai ƙananan rubutu, RVI aka rubuta ko RVC? Sannan ka gaya min gaskiya, kontak ne har yanzu a distirbutarka ko ka sa irin na zamanin nan marar kontak?

Ɗan Autan Gareji:
RVI ne. Kuma eh, watan jiya na cire kontak na sa na zamani don na gaji da saiti. Kafin nan gaskiya ban lura ko agogon na daidai ba.

Injiniya Mai Dalma:
Shikenan an kama ɓarawo. RVI ba ƙarfin wuta yake saurare ba, gudun wutar da ke bi ta farar waya zuwa kwayil yake ji, wato farar wayar ta ratsa ta wajensa kafin ta wuce, duk sanda kontak ya buɗe ya rufe sai ya ƙirga. To na'urar da ka sa ita ma tana jan wutarta ta wannan farar wayar, kuma yankan da take yi ba irin na kontak ba ne, sai agogon ya rikice ya dinga ƙirga abin da babu. Hanya uku gare ka. Ka koma kontak, ko ka ja wa na'urar wayarta daban daga makulli yadda kwayil kaɗai zai bi ta agogon, wannan wani lokacin yana isa wani lokacin ba ya isa, ko kuma a canza kayan cikin agogon a mai da shi irin RVC mai ɗaukar sigina daga gefen negatib na kwayil, fuska da allura da gida duk na asali su zauna yadda suke. MG da kansu sun koma RVC a farkon shekarun 1970. Ni ta biyun zan fara gwadawa tunda waya ɗaya ce. Kuma ko ba wannan, akwai kafasita a cikin agogunan nan da ke bushewa da tsufa, sai ka ga da safe daidai, in rana ta daki dashbod ya fara ƙari.

Anti TR6:
Ku dai masu agogon wuta kuna shan fama. Tawa Triumph TR6 kebul ne ke juya agogon juyin injinta daga distirbuta, ba ruwansa da ko ka sa kontak ko ba ka sa ba. Amma Auta maganar maleji nake so in yi maka don na sha wannan rawar allurar har na haddace ta. Kafin ka zargi agogon, kwance kebul ɗin daga bayansa ka zaro 'yar cikin. Ka shimfiɗa ta a ƙasa ka murza da yatsu, in tana da lanƙwasa za ka ga tana tsalle maimakon ta juya sumul, wannan tsallen shi kake gani a allura. Ka bi gidan kebul ɗin tun daga giyabos ka ga ko an matse shi a wata kwana mai tsini ko ya kwanta kusa da salansa. In lafiyarsa ƙalau ka wanke ka shafa giris kaɗan, kaɗan fa, kuma ka bar wajen taƙi ɗaya na saman a bushe, don kebul ɗin yana tura giris sama yana juyawa, in ya shiga cikin agogon ka sayi wani sabon ciwon. Ni wani bakanike ya taɓa ɗura min shi kamar yana cika bayarin taya, bayan sati biyu allura ta maƙale a 70 mota na tsaye.

Ɗan Autan Gareji:
Anti na gode. To ta yaya zan tabbatar agogon kansa lafiya yake ba tare da na buɗe ba?

Anti TR6:
Da injin huda. Ka samu guntun tsohuwar 'yar ciki ka ɗaure a bakinsa ka zura a bayan agogon, ka fara a hankali ka ga wane juyin ne ke ɗaga allura, in ba ta tashi ba ka juya ɗaya ɓangaren. In ta tashi ta tsaya cak babu rawa, to kebul ne mai laifi.

Kawu Sifana:
Ƙari a kan maganar Hajiya. A fuskar malejin akwai wata lamba 'yar ƙarama, a irin taka ya kamata ka ga 1280. Ma'anarta kebul zai juya sau 1280 a kowane mil ɗaya. To mota mai gudun mil 60 a awa ai mil ɗaya take ci a minti, ke nan in ka juya agogon sau 1280 a minti dole allura ta zauna a kan 60. In injin hudarka rabin haka yake yi, 640, sai ka nemi 30. Ka ga ka auna shi a tebur ba tare da ka taka titi ba. Ku yaran yanzu sai ku ce GPS na waya, to shi ma ya yi, amma shi ba zai gaya maka ko agogon ne ko tayar da aka canza girmanta ba ce. Abin da ke ciki kuwa ba wani sihiri, maganaɗisu ne ke juyawa a cikin ɗan kofin alminiyom, ba sa taɓa juna, iya saurin juyinsa iya yadda yake jan kofin, wani siririn sifirin kamar gashi yana riƙe da shi yana mai da shi baya. Wannan sifirin ɗin shi nake jiye wa yatsun mutum. Ka taɓa shi sau ɗaya da ƙarfi ka gama da shi.

Ɗan Autan Gareji:
1280 ɗin ce kuwa Kawu. Sai dai ga mummunan labari, na bi bututun gejin zafi daga baya zuwa inji, a tsakiya na tarar an yanke shi an naɗe da baƙin salatif. Wanda ya riƙe motar kafin ni ko wani mai gyaransa ya ɗauka waya ce. In na haɗa da dalma zai tashi?

Malam Riwaya:
Innalillahi. Ba zai tashi ba ɗana. Bututun nan ba fanko ba ne, an ɗura masa ether, wato sinadarin nan mai tafasa tun a wajen digiri 35, aka toshe. Kan da ke cikin ruwan inji in ya yi zafi sai sinadarin ya zama tururi ya matsa wani lanƙwasasshen bututu a cikin agogon, shi kuma ya miƙe kaɗan ya tura allura. Ranar da aka yanke shi ranar komai ya tsere. Wannan kam na masu sana'ar ne, su sa sabon bututu su ɗura su auna.

Injiniya Mai Dalma:
Ana yi a gida fa Malam. A samo sabon geji mai bututu irin wannan, a tsoma kansa a ƙanƙara da gishiri don sinadarin ya taru a can ya kwanta, a yanke bututun a haɗa da na tsohon agogon da ɗan hannun riga na jan ƙarfe a yi dalma da sauri. Na yi sau biyu, ɗaya ya yi ɗaya bai yi ba.

Malam Riwaya:
Ka ji da bakinka, ɗaya bai yi ba. Kuma abu ne mai kama wuta kamar me, ga ka da ƙarfen dalma mai zafi a hannu, yaron da bai taɓa buɗe geji ba za ka tura wannan aikin? Auta ka kai wa masu yi, ko ka sayi sabo, har yanzu ana ƙera agogunan Smiths a Wales, kamfanin Caerbont ke yi. MGB sama da rabin miliyan aka ƙera daga 1962 zuwa 1980, kayanta ba wuyar samu suke ba. Kowanne ka zaɓa, kafin ka ɗaura ka tsoma kan a tafasasshen ruwa ka ga ya nufi 212 in lambobin Fahrenheit ne a fuskar, in haruffa ne ya haye can wajen H. Kuma ragowar bututun a naɗe shi zobe-zobe mai faɗi, kar a karya shi kwana.

Sarkin Gudu 911:
To tunda dai za a cire su, ni shawarata a yi mai gaba ɗaya. Sabuwar fuska, sabon zobe, allura a fesa mata fenti, lambobin maleji a mai da su sifili tunda an sake inji. Mota ta fito kamar yau aka sauke ta.

Anti TR6:
Sifili kuma? Alhaji da girmanka. Inji aka gyara, bodi da giyabos da aksul duk sun ci tafiyarsu. Gobe ya sayar wa wani ya ga 00000 ko ya ga dubu biyu, me aka gaya masa ke nan? A ƙasashe da yawa ma laifi ne ka taɓa lambobin don ka ruɗi mai saye.

Sarkin Gudu 911:
Hajiya wa zai ga motar 1969 da sifili ya yarda ba ta taɓa tafiya ba? Lambobi biyar ne fa, in ta kai 99999 da kanta take komawa sifili, wa ya san sau nawa ta zagayo? Ni don lissafin sabon inji na faɗa, a san yaushe za a juye baƙin mai.

Anti TR6:
Sai ya rubuta a littafi, ranar kaza a lamba kaza aka sake inji. Biro bai ƙare a duniya ba.

Kawu Sifana:
Ina bayan Hajiya a nan. Kuma maganar sabuwar fuska ma ban saya ba. Baƙin fuskar nan da ya ɗan koɗe da farin da ya koma ruwan madara, shi ne ya dace da sauran motar, ka sa guda ɗaya sabo fil a tsakaninsu sai ya zama kamar haƙorin roba. Hazon da yake gani a gilashi yake ba a fuska ba. Auta in ka zo buɗewa, zoben kurom ɗin murɗa shi ake yi har 'yan kunnuwansa su zo daidai da gurbinsu ya fito, ba irin na VDO ɗin su Alhaji ba da ake bi da sukudireba ana ɗaga baki. In ya ƙi, tsohuwar robar ce ta narke ta kama shi, ka yi haƙuri da shi ka ɗan ɗaga kunnuwan kaɗan. Gilashi ka wanke da ruwa da sabulu son ranka. Fuska kuwa busasshen buroshi mai laushi kawai, ba tina, ba fetur, ba yawu a tsumma, lambobin nan a kan fenti suke zaune, shafa ɗaya za ka ga 40 ta bi tsumma. Ka sa sababbin robobi ka rufe.

Injiniya Mai Dalma:
Kuma in dole sai an cire allurar maleji, a ɗaga ta a hankali ta tsallake ɗan turken da take kwanciya a kai, a bar ta ta tsaya inda take so a yi alama, yawanci ma akwai ɗan farin ɗigo a wurin. A nan za a mai da ita. Fentin allura kuma shafa ɗaya siririya, in ya yi kauri nauyinsa kaɗai ya isa ya canza karatu.

Ɗan Autan Gareji:
To duhun dare fa? Na ga ana sayar da ƙwayayen LED, in canza duka?

Malam Riwaya:
Kafin LED duba cikin gidan agogon. Ƙwan a baya yake, haskensa bango yake duka ya zagayo ta gefen fuska, in farin fentin cikin ya yi baƙi ko ya ɓare ko wane ƙwai ka sa a banza. Ka sake masa farin fenti, ka goge mazaunin ƙwan, ka duba abin rage hasken nan na dashbod don shi ma yana cin wuta in ya tsufa. In ka ga dama bayan nan ka sa LED a na haske, ka nemi mai ɗumin launi ba farin asibiti ba, sai dai ka sani abin rage hasken ba zai ƙara yin wani tasiri ba. Amma jar fitilar caji kar ka kuskura, ka bar mata ƙwanta na asali. Ta cikin ƙwan nan altaneta ke samun 'yar wutar da take fara caji da ita, LED ba ya wuce da isasshiya, sai ka wayi gari batir ya kwanta kana zagin altaneta. Af, batir, biyu ne masu volt 6 a bayan kujeru in ba a canza ba, ka cire wayar bodi kafin ka zura hannu bayan dashbod da sifana.

Ɗan Autan Gareji:
Na dawo da rahoto bayan kwana uku. Sitabilaiza na ɗaure ta, na zuba fetur lita goma a busasshen tanki allura ta ɗaga kaɗan ƙasa da kwata, da can da tuni ta kai rabi. Kebul ɗin maleji na zaro, Anti kamar kina wurin, lanƙwasa biyu kuma ga silin waya ɗaya ya tashi, na gwada agogon da injin huda ya tsaya cak, na yi odar sabon kebul. Na ja wa na'urar distirbuta wayarta daban, agogon juyi ya sauko wajen 900 a salo amma in na taka ya wuce 3000 yana ɗan firgita, zan bar shi haka tukuna. Gejin zafi na naɗe shi a kwali zan aika. Gilashi uku na wanke, Kawu wallahi kamar an cire min yanar ido, fuska ban taɓa ba sai buroshi. Lambobin maleji ma na bar su a 67412 yadda na same su, Alhaji a yi haƙuri.

Sarkin Gudu 911:
An yi min taron dangi, na haƙura 😄

Ɗan Autan Gareji:
Sai dai wani abu, da nake juya shi da injin huda kusan minti biyar a kan 30, manyan lambobin ko motsi ba su yi ba, ƙananan na tafiyar yini ne kawai suka juya.

Kawu Sifana:
Minti biyar a 30 mil biyu da rabi ke nan, ya kamata a ce sun motsa. To wannan kam a ciki yake, akwai ɗan ƙugiya da ke tura haƙoran lambobin, tsohon giris ne ya daskare ya riƙe shi ko ɗan sifirin ɗinsa ya fita. Yanzu ka samu dalilin buɗewa. Ka cire sukurori biyun baya, ka zaro kayan cikin ka ɗora a farin tsumma, ka ɗauko mana hoto ta gefen hagu da dama kafin ka taɓa komai.